Ina Gajiya, Ɗantala?

Sunansa na yanka Kalilu, amma ko a Farfaru inda aka binne cibiyarsa, sai ka yi da gaske kafin ka sami wanda zai gane wa kake nufi da wannan suna. Ranar Talata aka haife shi, Ɗantala kowa ya sani. Ubansa manomi ne mai gona ɗaya da 'ya'ya maza biyar, don haka tun gemu bai tsiro ba ya gane cewa in ya zauna jiran gado, abin da zai samu ba zai wuce wurin shanya barkono ba. Ya ɗaure ɗan ƙunshinsa ya sauko Jibiya, ya zarce Magama, bakin iyaka, inda manyan motoci ke tsayawa a sauke kayan Nijar a loda na Najeriya. Allah bai ba shi karatu ba, bai ba shi bakin ciniki ba, ya dai ba shi wuya da kafaɗa. Sai ya shiga dako.

Shekara goma sha bakwai ya yi yana wannan aiki. Buhun aya daga Maraɗi, buhun wake, buhun kanwa mai cin fatar wuya, babu wanda bai bi ta kansa ba. Akwai wani katako da ake jinginawa a bayan tirela, faɗinsa bai wuce tafin ƙafa biyu ba, in ka kai tsakiyarsa da kaya sai ya lanƙwasa kamar zai karye. Mutane da bismilla suke hawansa. Ɗantala da gudu yake hawa, yana tafe yana yi wa na bayansa tsiya. Nagoggo, sarkin 'yan dakon wurin, in sabon shiga ya zo neman aiki, ba ya ɓata bakinsa da bayani, sai ya nuna Ɗantala da haɓa ya ce a yi kamar wancan.

Matarsa Barira 'yar Kusa ce, ƙuli-ƙuli take yi a gida. Mace ce mai ƙarancin magana, amma ba a yi mata wayo sau biyu. Suna da 'ya ɗaya, Sumayya, daga ita haihuwa ta tsaya musu shekara shida. Kullum da la'asar sakaliya in ya yi sallama, jikinsa fari fat da ƙurar buhu, Barira za ta bar abin da take yi ta kawo masa ruwa a kwano.

"Sannu da zuwa, Malam. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

Daga nan sai ya baje a tabarma, ta ɗebo man kaɗe ta murza masa kafaɗa, yana nishi yana ba ta labarin wanda ya faɗi da wanda direba ya zaga. Gajiyar kuwa tana nan, ita ce ma take murzawa da hannunta. Amma haka muke. Mutum ya yini yana ɗaukar abin da jaki zai ƙi, ka tambaye shi ina gajiya, ya ce babu. Ba wanda ya ɗauke ta ƙarya, ba kuma wanda ya ɗauke ta tambaya. Da za a sami wanda zai ce akwai, sai a kalle shi a ce ba shi da tarbiyya.

Daminar da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar, aiki ya mutu a Magama. Motoci suka yi layi har inda ido ya ƙare, albasa na ruɓewa a cikinsu, 'yan dako na zaune a gindin bishiyar bedi suna korar ƙuda. Da zaman ya ishe shi, Ɗantala ya hau bayan mashin ya bi ta daji ya shiga Maraɗi, inda aka ce ana neman masu jibgar kaya a mangaza, wato manyan ɗakunan ajiyar 'yan kasuwa. Sati bakwai ya yi a can.

A sati na biyar ne abin ya faru, wata rana da azahar da ruwan sama ya tsayar da aiki. Ya fake a wani zaure, zauren kuwa na gidan mata masu zaman kansu ne, kuma ya san haka tun kafin ya fake. Mutane na son jibga wa Shaiɗan irin wannan kaya, amma Shaiɗan bai cire masa takalmi a bakin ƙofa ba. Ko sunan matar bai tambaya ba. Ita ce ma ta ɗaga filo ta miƙo masa kwaroron roba, ya ture da bayan hannu, yana dariya, ya ce wannan na 'yan boko ne. Bayan kwana biyu ya sake komawa, ranar kuwa ko hadari babu.

Tsoro bai zo masa nan da nan ba. Sai da wata safiya mai gadin mangaza ya kunna rediyo, wani likita na bayani a kan sida, kamar yadda mutanen can ke kiran ƙanjamau. Likitan ya ce mai ɗauke da ita yana iya zama da ƙibarsa da kyansa, ba a ganewa da ido. Buhu na kan Ɗantala a lokacin, ya sauke shi ya tsaya yana saurare. Ya tuna Barira. A nan dai a yaba masa, ya yi abin da maza da yawa ba sa yi, ya ce ba zai koma gida ba sai an auna jininsa. Kuma a nan Maraɗi za a auna, inda ba wanda ya san shi. A Jibiya kafin ka fito daga ɗakin gwaji labari ya riga ka isa kasuwa.

Kwana goma ke nan da komawarsa gidan matar ya shiga wani ɗan asibiti a bayan gari. Ya ba da sunansa na yanka, aka soke shi a yatsa, ya zauna a benci yana jira. Ma'aikaciyar da ta kira shi Bazabarmiya ce, Hausarta ba ta taka kara ta karya ba, ga layi har waje. Ta buga hatimi a wata 'yar takarda, ta yi rubutu da Faransanci a ƙasa, ta miƙa masa.

"Takarda da kyau. Babu sida. Kwantrol, wata uku. Ka ji?"

"Na jiya," in ji shi.

Ya kuwa ji, sai dai abin da ya ji daban. Shekara goma sha bakwai yana jin kalmar kwantrol a bakin direbobi, kuma abu ɗaya take nufi: shingen da jandarma ke tsayar da mota su duba takardu. Ya san takardar wucewar mota da suke kira lesefase, wadda ake ba wa wa'adi. Ya tuna lokacin korona da ake tambayar takardar lafiya a kan hanya. Sai ya haɗa lissafinsa tsaf, wato wannan takarda za ta wuce da shi kowane shinge har wata uku. Har murmushi ya yi, don shi da ke bi ta daji, ina ruwansa da shinge? Ya naɗe ta a leda, ya sa a aljihun ciki, ya sayi atamfa da dabino, ya koma gida wurin matarsa da zuciya fara.

Sati ɗaya da dawowarsa zazzaɓi ya kwantar da shi, da ciwon maƙogwaro da wasu ƙuraje a ƙirji. Aka ce zazzaɓin kaka ne, ya sha magani ya tashi. Zazzaɓin ya tafi, amma ya bar masa baƙuwar da ba ta da niyyar tafiya.

Ɗantala ya san gajiya, abokiyar aikinsa ce. Wadda ya sani tana zuwa da yamma, a murza ta da man kaɗe, a kwana, da safe babu ita. Wannan kuwa da ita yake tashi. Ya yi barci har rana ta fito, ya farka kamar wanda ya kwana yana lodi. Tafiya masallaci ta zama aiki. In ya zauna cin tuwo, kafin ya kai rabi hannunsa ya gaji da kai loma. Ya je kemis aka ce taifot, aka yi masa ƙarin ruwa leda biyu. Mai maganin gargajiya na kasuwar Lahadi ya dube shi ya ce basir ne, ya ba shi jarka guda ta wani abu mai ɗaci. Wata tsohuwa ta ce shawara ce. Wani ya ce sammu, don ƙarfinsa ya tsone wa mutane ido. Duk ya sha, duk ya yi hayaƙi, gajiya ko gezau.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne inda tunaninsa ke komawa. In ya ga ba kowa, sai ya leƙa madubin mashin ɗin wani ya zaro harshe yana dubawa. Ya riƙa shafa wuyansa yana neman kumburi. Da tsakar rana in an tafi sallah, sai ya saci jiki ya hau sikelin da ake auna buhu, ya ga allura ta ja baya kaɗan, ya sauka. Daga nan sai ya zaro takardar nan ya buɗe. Ba ya iya karanta ko harafi ɗaya a cikinta, hatimin kawai yake kallo, shuɗi, mai zagaye, ya ce wa kansa ai likita ta ce babu. Hankalinsa ya kwanta na rabin yini, kafin la'asar ya sake tashi.

Ana cikin haka aka buɗe iyaka, motoci suka motsa, aiki ya dawo har ya fi da. Ranar farko Ɗantala ya ɗauki buhu huɗu ya nemi wuri ya zauna. Rana ta uku ya kai tsakiyar katako da buhun wake, gwiwarsa ta ƙi, ya sulalo ƙasa, buhu ya fashe, wake ya watsu har ƙarƙashin mota. Sai wani ya ce, "Kai, a ce ma Barira ta rage ma mutane kaɗan!" Aka fashe da dariya, shi ma ya yi, don ba shi da abin yi. Nagoggo bai yi dariya ba. Ya ja shi gefe ya ba shi basilla da zare.

"Zamna nan ka riƙa ɗumke muna bakin buhu har jikin shi dawo. Ba kora ba ce."

Ba kora ba ce, amma aikin tsofaffi ne da masu ciwon baya. Mutumin da ake nunawa da haɓa ya koma gindin bango yana ɗinki. Kuma da yake yana zaune a bakin hanya, duk wanda ya gifta sai ya gaishe shi. Direba ya wuce, ina gajiya Ɗantala. Mai shayi, ina gajiya. Ɗan kamasho, ina gajiya. Sau arba'in a yini ana tambayarsa ainihin abin da ke cinsa, sau arba'in yana cewa babu. Wani lokaci har haushi yake ji, ya ji kamar ya kama rigar mutum ya ce tsaya, tunda ka tambaya zauna ka ji. Bai taɓa yi ba. Ya koma gida, Barira ta kawo ruwa ta yi tata tambayar, ya ba ta amsar da ya ba mai shayi.

Sai ga ciki, bayan shekara shida ana roƙo. Barira ta gaya masa da safe tana kallon ƙasa tana murmushi. Ya ce alhamdu lillahi, ya fita, ya zauna a bayan gida ya riƙe kai. Ya taɓa jin mata na hira cewa yanzu duk mai cikin da ta je awo sai an ɗebi jininta an duba har da wancan ciwo. Da cikin ya shiga wata uku ta ce masa za ta fara zuwa awo.

"Ba ki zuwa," in ji shi.

"Don mi, Malam? Lokacin Sumayya ai kai ka kai ni da kanka."

"Uwata ta haihi biyar, ba ta san ƙohwar asibiti ba. Na ce ba ki zuwa."

Bai taɓa yi mata tsawa irin ta ranar ba. Mutumin da ke da takarda mai hatimi a aljihu, me yake tsoro a awo? Bai yarda ya yi wa kansa wannan tambaya ba. Ya fi son ya zauna cikin wataƙila da a ce masa tabbas, ko da kuwa tabbas ɗin ne zai ceci abin da ke cikin matarsa. Wannan ba rashin sani ba ne, tsoro ne da son kai, kuma shi ma a ƙasan ransa ya sani. Ya ɗauke tabarmarsa ya koma zaure, wai zafi. Barira ta tambaye shi sau ɗaya ko ta yi masa laifi, ya ce a'a. Ba ta sake tambaya ba, amma ruwan la'asar bai fasa zuwa ba, da gaisuwarsa.

Wata takwas takardar ta yi a aljihunsa kafin ya sami zuciyar nuna wa wani. Akwai wani direba mutumin Maraɗi, Ummaru, wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko ta can, yana karanta Faransanci. Ran nan ana loda motarsa ya zo ya zauna kusa da Ɗantala yana cin gyaɗa. Ɗantala ya zaro ledar.

"Malam Ummaru, duba mani wagga. Ta wani ɗan garinmu ce, Kalilu."

Ga amfanin sunan da ba wanda ya sani. Ummaru ya buɗe takardar da ta yi laushi don gumi, ya karanta a hankali.

"Awon sida na. An ce ba a ga komi ba. Amma an rubuta nan ƙasa shi komo kwantrol bayan wata ukku. Ya koma?"

"Wane kwantrol? Ba na jandarma ba?"

Ummaru ya yi dariya har gyaɗa ta sarƙe shi. "Wane jandarma? Kwantrol na likita! Shi komo a sake auna jinin. Ciwon ga in sabo na, kwana goma ko ashirin, ba ya nunawa. Sai an jima."

"In bai koma ba hwa?"

"To takardag ga sai dai a ƙunsa ƙosai." Ya dubi kwanan watan da ke jiki, dariyar ta ɗauke. "Wagga ai ta bara ta. Yana da mata?"

"Yana da."

"Allah shi kyauta. Ka hwaɗa mashi shi yi sauri."

Ɗantala ya ce zai faɗa masa. Ya karɓi takardarsa ya ci gaba da ɗinki, ya soki yatsansa da basilla bai ji ba sai da ya ga jini a buhu.

Washegari ya shiga motar Katsina. A asibitin da ya je aka sake auna jininsa. Ma'aikacin Bahaushe ne kamarsa, ya zaunar da shi, ya rufe ƙofa, ya yi masa bayani dalla-dalla da harshen da ya sha a nono. Ciwon yana nan. Amma akwai magani, kyauta ake bayarwa, wanda ya riƙe shi da gaskiya zai yi ƙarfi ya tsufa kamar kowa. Gajiyar ma, in ji shi, rabinta ciwo ne, rabinta fargabar da ya ɗauka shi kaɗai. Da ya ji akwai mace mai ciki wata shida a gida, sai ya ajiye biro.

"Tana zuwa awo?"

Ɗantala ya girgiza kai.

"Bawan Allah, gobe ka kawo ta. Ba jibi ba. In ta hwara magani da wuri, yaron na iya fitowa lahiya lau. Kowace rana da ka ɓata, daga rabon yaron kake ɗiba."

A mota yana dawowa ya shirya maganar ta fi sau ashirin, kowace ya ga ba ta faɗuwa. Ya isa gida da la'asar. Barira na tsakar gida tana matsar tunkuza, Sumayya ta tafi Islamiyya. Ta goge hannu, ta miƙe da ƙyar saboda cikin, ta kawo ruwa.

"Sannu da zuwa, Malam. Ina gajiya?"

Ba gajiya ta zo har bakinsa, don ta san hanya. Ya haɗiye ta.

"Akwai gajiya, Barira."

Ba ta yi mamaki ba. Ta dube shi sosai, ta ajiye kwanon a ƙasa, ta shiga ɗaki. Ya ji tana buɗe kwallar da take ajiye ƙuli. Ta fito da wata farar robar magani ta ajiye a gabansa. Irin wadda aka ba shi a Katsina ce sak, wadda ke cikin aljihunsa, sai dai tata ta kusa ƙarewa.

"Wata biyu ke nan," ta ce. "Jiri ya kada ni bakin murhu, gwaggona ta ɗauke ni ta kai ni awo kana wurin aiki. Can anka hwaɗa mani. Ita ba ta sani ba, ba wanda ya sani."

Ya ɗauki robar yana dubawa, ita kuwa ta ci gaba.

"Sun ce in kawo mijina. In kawo shi in ce mi? Na ga yadda anka yi ma wasu. Mace ta hwaɗi, a ce ita ta kwaso, a miƙa mata takardarta, gari duka shi ji. Ni kuwa na san ban san kowa ba sai kai. Sai na ce bari in jira, mutumen ga zai yi magana. Kullum in na kawo maka ruwa, ba gaisuwa nika yi ba, tambaya nika yi. Kullum ka dube ni ka ce babu."

Sai ya fara, yana kuka kamar ba ƙaton nan mai hawa katako da gudu ba. Ya faɗi ruwan sama da zaure, ya faɗi rediyo, ya zaro takardar Maraɗi ya shimfiɗa mata. Ya rantse da Allah bai dawo gare ta ba sai da aka auna shi aka ce babu. Ya yi mata bayanin kwantrol, yadda ya ɗauka shinge ne, yadda matar ba ta jin Hausa, yadda Ummaru ya yi dariya. Duk gaskiya ce, kuma ta saurara har ya gama.

"Na yarda," ta ce. "Wancan da Hwaransanci anka hwaɗa maka, ba ka gane ba. Awo hwa, Kalilu? Shi ma da Hwaransanci na roƙe ka?"

Tunda aka ɗaura musu aure ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko Ɗantala ba ta faɗi, balle na yanka. Ya ji sunan kamar mari.

"Matar Maraɗi, wannan tsakaninka da Ubangijinka. Ciwo kuwa Allah ka kawo shi, na ɗauka. Amma ka san akwai abin da kaka tsoro, ka dubi cikin ga da munka yi shekara shida muna roƙo, ka ce ba ni zuwa. Da jiri bai kada ni ba, da har yau ina nan zamne ina yi maka biyayya, ɗana na sha daga jinina. Kunyarka ka zaɓa. Wannan ne ban san inda zan aje shi ba."

Ta ɗauki robar maganinta ta mayar cikin kwalla, ta koma kan tunkuzarta.

Barira ba ta tafi ba. Masu jiran su ji an yi yaji ko saki ba su ji komai ba, don ba wanda ya san akwai abin ji. Ta haihu namiji a asibiti, aka sa masa Badaruddeen. An auna shi sau biyu ba a ga komai ba, saura awo na ƙarshe in an yaye shi, kuma wannan karon ba wanda ya ɗauka shinge ake nufi. Ɗantala ya riƙe maganinsa. Cikin wata biyar allurar sikeli ta dawo inda take, ya mayar wa Nagoggo basillarsa ya koma katako. Ba ya hawa da gudu yanzu, amma yana hawa. 'Yan dako suka ce jarkar mai maganin basir ce ta yi aiki, har wasu suka je suka saya.

A gida tuwo na zuwa a kan lokaci, wanki ba ya taruwa. In ranar karɓar magani ta zo, ita ce ma ke tuna masa. Da la'asar in ya yi sallama tana kawo ruwa a kwanon nan dai, ta ce sannu da zuwa, ta juya. Nan gaisuwar ke tsayawa. Yana ji tana tambayar mai kawo gyaɗa ina gajiya, tana tambayar ɗan garuwa, tana tambayar maƙwabciya ta kan katanga. Shi da yanzu yake da amsa ta gaskiya, mai tsawo, wadda ya shirya zai bayar duk ranar da aka tambaya, sai ya tsaya da kwano a hannu har ta shige ɗaki. Kwalbar man kaɗe na nan a kan taga, ƙura ta rufe murfinta.

Ran nan ya dawo ya same ta a bakin murhu, goyo a baya, tana suyar ƙuli, gumi na zuba daga haɓarta. Tun asuba take tsaye, ya sani, ƙafafunta har sun kumbura. Ya daɗe yana kallonta. Sai ya lura cewa shekara goma sha ɗaya tana tambayarsa, shi bai taɓa tambayarta ba. Ya matso kusa, ya rage murya.

"Barira, ina gajiya?"

Ba ta juyo ba. Ta kwashe ƙulin da ya soyu, ta zuba wani a mai.

"Ba gajiya," ta ce.